Tarihin Fawa da Jima a Ƙasar Roni da Haƙƙin Dabba a Kan Mai Ita

Fawa da jima da dukanci sana'o'i ne da ke bin juna a kan dabba ɗaya. Mahauci shi ke feɗewa ya sayar da nama, majemi ya karɓi fata ya gyara ta, baduku kuma ya yanka ya ɗinka. A ƙasar Roni, kamar sauran yankin Kazaure da Gwiwa da Babura, waɗannan sana'o'i sun girmi masarautun da ake gani yau. Tarihinsu ya haɗa da na kiwo da kasuwa da addini, domin tun da daɗewa Bahaushe ya ɗauka cewa halal ne ya ci dabba ya mori fatarta, amma da sharuɗɗa, kuma dabbar tana da haƙƙi a kan wanda ya mallake ta.

Ƙasar da dabbobinta

Roni na cikin masarautar Kazaure, wadda Ɗantunku ya kafa bayan ya ƙi yi wa Sarkin Kano Ibrahim Dabo mubaya'a a wajen 1819. An yanko ƙasar ne daga yankunan da a da ke bin Kano da Katsina da Daura. Ta kasance cikin Jihar Kano har zuwa 27 ga Agusta 1991, ranar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Garuruwa irin su Amaryawa da Zugai da Yanzaki da Tunas duk na manoma ne masu haɗa noma da kiwo. Kusancin yankin da iyakar Nijar ya sa shanu da raƙuma da tumaki ke ratsawa ta cikinsa zuwa manyan kasuwanni kamar Ɗambatta da Mai'aduwa da kuma Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis.

Kiwo iri biyu ne a wannan ƙasa. Akwai na Fulani makiyaya, waɗanda arzikinsu da martabarsu ke kan garke. Bafulatani ba ya yawan yanka saniyarsa. Abin da yake ci daga gare ta shi ne nono da kindirmo da man shanu, kuma ya san kowace da sunanta da na uwarta. Kirarin nan na "nagge daɗi goma" daga nan ya samo tushe. Sai kuma kiwon gida, wanda galibi a hannun mata yake: awaki da tumaki da kaji da zabi. Akuya ita ce asusun matar ƙauye, da ita ake yin kayan ɗakin 'ya ko a biya kuɗin magani. Tsakanin manomi da makiyayi akwai tsohuwar musaya, inda garke ke sauka a gona bayan girbi ya ci harawa da kara, ya bar taki. Burtali da mashaya su ne abin da ke riƙe wannan zama.

Yanka kafin Musulunci da bayansa

Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Barbushe mutanen Dala kan kai baƙaƙen dabbobi, kamar bunsuru da kaza da kare, wurin bautar Tsumburbura. A wancan tsari jinin dabba shi ne abin nema, domin shi ake miƙa wa iskoki. Maguzawa sun riƙe wannan al'ada har cikin ƙarni na 20, kowane iska da launin dabbar da ake yanka masa. Suna kuma da abin da ake kira kan gida, wato dabbar da wani dangi ke ɗauka tamkar 'yar'uwa, ba sa kashe ta, ba sa cin namanta. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da Bahaushe ya fara haramta wa kansa wata dabba.

Littafin ya ce a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali da Musulunci. Cikin muƙaman da aka raba musu, bayan liman da ladan da alƙali, an naɗa wani mai suna Auta ya riƙa yanka duk naman da za a ci. Hakan ya nuna cewa gyara yanka na cikin ayyukan farko da sabon addinin ya yi a birnin. Alamar wannan tsari na nan har yau. A kasuwanni da yawa malami ne ko wani wanda aka yarda da addininsa ke sa wuƙa, sannan mahauta su ci gaba da fiɗa.

Ƙa'idojin da ake bi na mazhabar Malikiyya ne, kamar yadda almajirai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 996, da kuma Muhtasar na Halil. Ana fuskantar da dabba alƙibla, a ambaci sunan Allah, a yanke maƙogwaro da manyan jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. An haramta mushe da jini da naman alade, da abin da aka shaƙe ko aka buge ko ya faɗo ya mutu kafin a kai ga yanka shi. Naman jaki haramun ne, haka ma na doki a mafi shaharar zance na mazhabar.

Wani ɓangare na ƙa'idojin domin dabbar kanta aka yi shi. Hadisi na 17 a cikin Arba'una Hadisi na Imam Nawawi ya umarci mai yanka ya kyautata, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Malamai sun ƙara da cewa ba a wasa wuƙa a gaban dabba, ba a yanka wata a kan idon wata, ba a fara fiɗa sai rai ya gama fita. Akwai hadisin matar da aka yi wa azaba saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta, da na mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita, idan ya kasa kuwa sai a tilasta masa ya sayar ko ya yanka. Zakka ma ta shiga garke: tana farawa daga raƙuma 5, shanu 30, tumaki ko awaki 40.

Mahauta da Sarkin Fawa

Fawa sana'ar gado ce, kodayake akwai 'yan haye. A kowane gari mai kasuwa akwai Sarkin Fawa, wanda sarki ko hakimi ke naɗawa. Aikinsa ya duba dabbar da za a yanka, ya tabbatar ba ta sata ba ce kuma ba mushe ba ce, ya raba rigima tsakanin mahauta, ya kuma kai wa fada nata kason. Wannan kaso ya taɓa zama abin ƙorafi. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa naman da ake karɓa daga mahauta ranar kasuwa, wanda ake kira tawasa, tare da jangali, cikin zaluncin sarakunan Haɓe. Jangali bai mutu da jihadi ba. Turawa sun same shi sun ƙarfafa shi, kuma a tsohuwar Jihar Kano, wadda Roni ke cikinta, sai a 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke shi tare da haraji.

Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya bar bayanin mahautan kasuwar Kurmi. Ya ce idan aka kawo ƙosasshen sa sai a rina ƙahonsa da lalle, makaɗa su biyo shi, labari ya bazu, jama'a su rugo saye. Ya kuma ambaci dabarun algus, kamar hura nama don ya cika ido, da liƙa gashin tunkiya a cinyar akuya. Kalangu shi ne har yau ake ɗauka kiɗan mahauta. Dambe da hawan ƙaho su ma wasanninsu ne; a hawan ƙaho ne matashi ke nuna jarumta a gaban sa kafin a kayar da shi. Duk da wannan suna, a tsarin martabar sana'o'i na da an ajiye mahauta a ƙasa, saboda hulɗarsu da jini da ƙazanta. Jama'a na son nama, amma suna ɗan ja da baya daga mai zubar da jinin.

Rashin hanyar sanyaya nama ya haifar da dabarun adana shi. Kilishi yankakken nama ne siriri da ake shanyawa, a tsoma cikin haɗin tunkuza da kayan yaji, a sake shanyawa a gasa, ya yi watanni bai lalace ba. Akwai tsire da balangu da dambun nama da soye. Kai da ƙafa da kayan ciki duk suna da masu saye. A ƙauyen da babu yanka kullum, mutane kan haɗa kuɗi su sayi sa su yi watanda, kowa ya ɗauki kashinsa.

Ga yawancin gidaje, nama abin lokaci ne. Ana ganinsa ranar kasuwa, ranar suna, da babbar salla. Layya a Malikiyya an fi son ta da rago, kuma ba a yin ta da mai ido ɗaya ko gurguwa ko mara lafiya ko ramammiya. Ba a sayar da komai nata, har fatar, ba a kuma biyan mahauci da namanta. Wannan ne ya sa fatun layya ke tafiya sadaka, kuma a 'yan shekarun nan ƙungiyoyin addini kamar Izala ke tattara su don ayyukansu. Ragon da aka turke wata da watanni yara sun saba da shi, wani lokaci har su yi kuka ranar yanka. Karin magana ya san da wannan, shi ya sa ake cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta.

Jima da dukanci

Da zarar an feɗe dabba, fata ta zama ta majemi. Zai jiƙa ta, ya sa a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare shi tare da sauran naman da ya maƙale. Sannan a laushe ta da kashin tattabara ko na kaji, wasu kuma da tsiron fatakka. Jima ta ainihi da bagaruwa ake yi: a daka 'ya'yanta a jiƙa a kwatarniya, a tsoma fata ana juyawa har ta sha. Bayan nan a shafe ta da mai, a miƙe ta, a shanya. Jan launi daga karan dafi ake samunsa, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Fatar sa ita ake kira ƙirgi, ta rago da aka bar wa gashinta kuwa buzu, abin salla da zaman malami.

Kafin zuwan roba da leda, fata ta shiga kowane lungu na rayuwa. Da guga ake jan ruwa, a zuba a salka. Mai da kwalli a tandu suke. Maƙeri da zuga-zugin fatar akuya yake hura wuta, wanzami da zabira yake yawo, ƙaho kuma da shi yake tsotse jini. Manomi na ɗaura warki, fatake na zuba kaya a taiki da burgami. Alƙur'ani a gafaka yake, laya a fata ake ɗinke ta, takobi a kube. Sirdi da ragama da garkuwa sun sa sarakuna ba sa rabuwa da dukawa.

Wannan sana'a ta kai sunan ƙasar Hausa nesa. Hasan al-Wazzan, wanda Turawa ke kira Leo Africanus, ya rubuta a farkon ƙarni na 16 cewa ana kai takalman Gobir Tumbutu da Gawo. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya sa takalma da jemammun fatu cikin manyan kayan da birnin ke fitarwa, wasu har Tarabulus. Fatar jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato ko ta Maraɗi, ita ta fi daraja saboda laushi da ƙarko. Da yake ta tashoshin Arewacin Afirka take isa Turai, sai aka riƙa haɗa ta cikin abin da ake kira fatar Maroko, ana yi wa littattafai masu tsada bango da ita. Fatun ƙauyukan da ke kewaye da Kano ta hannun 'yan koli da fatake suke taruwa a birni, inda unguwar Dukawa da kasuwar Ƙofar Wambai ke ɗauke da tarihin sana'ar.

Annoba, jirgin ƙasa da kamfanoni

A wajen 1890 zuwa 1891 ciwon bushiya ya ratsa ƙasar Hausa ya kashe mafi yawan shanu, Fulani da dama suka wayi gari ba ko ɗan maraƙi. Cutar ta yi ta dawowa. Yaƙi da ita ne babban dalilin kafa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a 1924, da gangamin rigakafin da aka fara a yankin Tafkin Chadi a 1962. Ta sake ɓarna a Najeriya a 1983, kuma sai a 2011 aka bayyana cewa an kawar da ita daga duniya. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 su ma sun rage garke ƙwarai.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya juya akalar fatu daga hamada zuwa Legas. Kamfanoni irin su John Holt da Ambrosini da UAC suka buɗe kantunan saye. Abin da suke so ɗanyar fata ce busasshiya domin masana'antun Turai, don haka aka fito da malaman fata masu koya wa mahauta fiɗa ba tare da huda ba, da shanya a rataye cikin inuwa maimakon a ƙasa. Majemin gargajiya ya fara rasa kayan aiki masu kyau. Daga ƙarshen shekarun 1920 kuma aka shigo da garmar shanu, sa ya zama ma'aikacin gona da mai jan amalanke, wanda ake mora wasu shekaru sannan a turke a sayar.

Cinikin shanu zuwa kudu ya kafa zangon Hausawa a wurare irin su Sabo ta Ibadan da Agege da Kumasi, ya kuma kai tsire kusan kowane birni na Afirka ta Yamma. Da ana kora shanu a ƙafa ko a sa su a jirgin ƙasa, yanzu tirela ke kwasarsu tafiyar kilomita kusan 1,000. A Kano, manyan majemun zamani sun taru a Challawa da Sharaɗa da Bompai, suna aiki da sinadarai maimakon bagaruwa, kuma ruwan da suke zubarwa ya daɗe yana jawo kuka daga masu noma da kamun kifi a kogin Challawa.

Masu ƙaurace wa nama da amsar da suke samu

Tunanin barin cin dabba gaba ɗaya tsoho ne a wasu ƙasashe. Mabiya addinin Jain a Indiya sun gina rayuwarsu kan kada a cutar da mai rai. A duniyar Musulmi, Abul Ala al-Ma'arri na ƙasar Sham, wanda ya rayu daga 973 zuwa 1057, ya daina cin nama da ƙwai da shan nono da zuma saboda tausayi, abin da ya jawo masa muhawara da malaman zamaninsa. Ihwanus Safa na Basra sun tsara labarin da dabbobi suka kai ƙarar ɗan'adam gaban sarkin aljanu. A Ingila an kafa ƙungiyar marasa cin nama a 1847, sannan a 1944 Donald Watson da abokansa suka kafa ta 'yan bigan, waɗanda suka haɗa da barin nono da ƙwai da sa fata. Peter Singer ya ƙarfafa hujjarsu a 1975, inda ya ce tunda dabba na jin zafi, bai kamata a yi watsi da wahalarta don kawai ba mutum ba ce. Daga baya aka ƙara hujjar muhalli da ta halin da dabbobi ke ciki a manyan gonakin zamani.

Wannan aƙida ba ta yi jijiya a ƙasar Hausa ba. Malamai na cewa wanda ya bar nama don lafiya ko don ransa ba ya so bai yi laifi ba, amma haramta abin da Allah ya halatta kuskure ne, ga kuma layya da hadaya da yankan suna. Akwai hujjar rayuwa ma. A ƙasa mai ƙarancin ruwan sama dabba ce ke mayar da ciyawa da kara abinci, ita ce taki, ita ce abin sayarwa idan damina ta gaza. Abincin yau da kullum na ƙauye kuwa tun asali daga tsiro yake: tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, ɗanwake, ƙosai, kwaɗon rama da na zogale, da awarar waken suya da ta bazu daga baya. Mutumin Roni na iya yin kwanaki bai ci nama ba, sai dai rashi ne ya sa, ba zaɓi ba.

Inda ra'ayoyin biyu ke haɗuwa shi ne batun wahalar dabba kafin mutuwarta. Cusa shanu a tirela ba ruwa ba abinci, ɗaure kaji a rataye su kai ƙasa a bayan babur, ɗora wa jaki kayan da suka fi ƙarfinsa, da yanka dabbobi a jere a kan idon juna a kwata, duk sun saɓa wa abin da ke cikin littattafan fiƙihu. Kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, shi ma ya tanadi hukunci kan azabtar da dabba, kodayake da wuya a ga an gurfanar da wani.

Sabbin matsaloli biyu sun shafi fata kai tsaye. Ta farko ita ce ganda. Cin fatar sa ya yawaita har cibiyar nazarin fata ta ƙasa da ke Zariya ta sha kokawa cewa tukunya na cinye ƙirgin da masana'antu ke buƙata. Ta biyu ita ce fatar jaki, wadda ake kaiwa ƙasar Sin don haɗa wani maganin gargajiya. Buƙatarta ta sa aka riƙa kwasar jakuna daga kasuwannin iyaka irin su Maigatari, farashi ya tashi, satar jaki ta ƙaru, manomi da mai ɗiban ruwa suka rasa abin ɗaukar kaya. Ƙasashe kamar Nijar sun hana fitar da jakuna tun 2016, kuma a Fabrairun 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Addis Ababa, suka amince da haramta yanka jaki domin fatarsa a faɗin nahiyar.

A ƙasar Roni da maƙwabtanta har yanzu akwai Sarkin Fawa, ana watanda, ana turke ragon layya. Jima da dukanci ne suka fi ja da baya, domin bokitin roba ya maye gurbin guga, jarka ta kori salka, takalmin roba ya fi na fata araha. Abin da ya rage wa dukawa shi ne kayan doki na hawan salla, kube, laya, gafaka da jakunkunan ado, yawancin fatun kuwa dillalai ke saye ɗanyu, a zuba musu gishiri, a kai su majemun Kano.